Minna da Juyin Mulki Biyu da Ba Su Kifar da Babangida Ba

Wanda ya hau Keke Napep daga Tudun Fulani ya bi ta Bosso ya shiga cikin Minna, ba zai daɗe ba zai ji an ambaci zauren taro na U.K. Bello, inda ake wasannin al'adu da manyan taruka. Matasa da yawa sun san wurin, amma da za a tambaye su wane ne mai sunan, sai a ga ana kallon-kallo. Laftanar Kanar U.K. Bello shi ne dogarin Janar Ibrahim Badamasi Babangida, kuma an kashe shi ne a barikin Dodan da ke Legas ranar 22 ga Afrilu, 1990, daren da ya rage ƙiris a aika maigidansa lahira.

A shekara takwas da Babangida ya yi yana mulki, daga Agusta 1985 zuwa Agusta 1993, sau biyu aka gurfanar da sojoji gaban kotun soja kan neman kifar da shi. A duka biyun Jihar Neja ta yi asarar ɗa: ɗaya an ɗaure shi a jikin turke an harbe, ɗaya ya faɗi yana tsare ƙofa.

Babangida ba baƙo ba ne a wannan sana'a. A 1976 shi aka tura gidan rediyo ya tunkari Kanar Dimka bayan kisan Janar Murtala. Yana cikin waɗanda suka kawo Buhari a ƙarshen 1983, kuma shi ne babban hafsan sojan ƙasa sa'ad da ya ture Buharin ranar 27 ga Agusta, 1985, ana tsakiyar hidimar babbar Sallah. Mutumin da ya san ta wace kafa ake shiga, dole ya riƙa kwana da ido ɗaya a buɗe.

Wata huɗu bai cika ba aka sanar da an bankaɗo wata maƙarƙashiya. Sunan da ya girgiza mutanen Neja shi ne Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa, ministan Abuja, marubucin waƙoƙi, kuma abokin Babangida tun suna yara. Tare suka yi makarantar sakandare ta Bida, tare suka shiga soja, tare suka yi yaƙin basasa. Babbar hujjar da aka kafa a kansa ita ce Naira dubu goma da ya bai wa Laftanar Kanar Musa Bitiyong. Masu gabatar da ƙara suka ce kuɗin shirya juyin mulki ne, Vatsa ya ce rance ne na noma. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, ba a kama gidan rediyo ba, amma kotun Manjo Janar Charles Ndiomu ta yanke hukuncin kisa.

Manyan marubuta uku, Chinua Achebe da Wole Soyinka da J.P. Clark, suka tafi barikin Dodan da ƙafarsu roƙon arziki. Babangida ya tarbe su da fara'arsa da aka san shi da ita, suka fito da kyakkyawan zato. Ranar 5 ga Maris, 1986, ministan tsaro Domkat Bali ya sanar cewa an riga an bindige Vatsa da wasu hafsoshi tara. A cikinsu akwai Manjo Daniel Bamidele, wanda laifinsa shi ne ya ji bai faɗa ba. Abin tausayin, a 1983 ya taɓa kai rahoton wani shirin juyin mulki, sai shi aka kama aka tsare, ashe waɗanda ya kai wa ƙarar da hannunsu a ciki. Ya yi magana ya sha ɗauri, ya yi shiru ya rasa rai.

Har yau ana musu kan ko Vatsa ya aikata. Iyalansa sun tsaya a kan ƙazafi ne. Babangida kuwa, a littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a Abuja cikin Fabrairun 2025, ya nace cewa akwai hujja, kuma dokar soja ba ta san aboki ba.

Na biyun babu musu a kansa, don Legas ta kwana cikin ƙarar bindiga. Daren Asabar wayewar Lahadi ne, a goman ƙarshe na azumi. Ƙananan hafsoshi suka far wa barikin Dodan da manyan makamai, suka kama gidan Rediyon Tarayya da ke Ikoyi. An samu an fitar da Babangida da iyalinsa ta wata hanyar baya, U.K. Bello kuma ya tsaya, nan ajalinsa ya same shi. Da asuba masu sauraro suka ji kiɗan soja, sai ga muryar Manjo Gideon Orkar, Batibe daga Jihar Binuwai.

Farkon jawabin ya shiga kunnen mutane. Ya zargi gwamnati da kama-karya da cin hanci, ya ce Babangida na shirin dawwama a kan mulki. A lokacin tsarin tattalin arziki na SAP ya gasa wa talaka aya a hannu, darajar Naira ta zube, an yi tarzoma a 1989, don haka masu tafi ba su yi kaɗan ba. Daga nan sai Orkar ya kwance wa kansa zani a kasuwa. Ya ce da yawun mutanen Tsakiyar Najeriya da Kudu yake magana, kuma an cire jihohi biyar daga ƙasar: Sakkwato da Kano da Katsina da Barno da Bauci. Ya umarci 'yan asalinsu da ke aiki ko kasuwanci a sauran sassa su tattara su koma gida. Ya ma gindaya sharuɗɗan dawowa, ciki har da sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, wanda aka naɗa a 1988 cikin rigima, a ɗora Muhammadu Maccido.

A tuna cewa Sakkwato ta wancan lokaci ta haɗa da Kebbi da Zamfara, Kano da Jigawa, Barno da Yobe, Bauci da Gombe. Neja da Kaduna ba sa cikin jerin, amma ɗan tireda Basakkwace da ke zaune a unguwa irin Tudun Fulani, a jawabin nan ya wayi gari baƙo a ƙasarsa. Haka kuma duk wani kurtu Bakano ko Babarbare da ke riƙe da bindiga a barikokin Legas. Sojan da wataƙila zai naɗe hannu ya ga gudun ruwa, yanzu ya ga abin ya zo wuyansa. Masu nazari da yawa na ganin minti kaɗan ɗin nan na rediyo sun yi wa yunƙurin ɓarnar da tankar yaƙi ba ta yi ba.

Kuskure na biyu shi ne kuɓucewar Janar Sani Abacha. Shi ya tattara rundunonin da ke biyayya, kafin la'asar an ƙwace gidan rediyon, ya fito ya ce ƙura ta lafa. Manyan da suka kitsa abin, Laftanar Kanar Tony Nyiam da Manjo Saliba Mukoro da ɗan kasuwa Great Ogboru, suka tsere ƙasar waje. Orkar da mutum 41 aka bindige ranar 27 ga Yuli, 1990, aka ƙara da 27 a Satumba. Mutum 69 ke nan, adadin da ba a taɓa kashewa kan juyin mulki ɗaya a Najeriya ba.

Abin lura a nan, babu ɗan zanga-zanga ko ɗan jarida a cikin waɗanda suka kusa kai Babangida ƙasa. Da ɗan gari kan ci gari. Haka ta faru a maƙwabta: mutanen amininsa Blaise Compaoré ne suka kashe Thomas Sankara a 1987, kuma dogaran fadarsa ne suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara a Yamai cikin Afrilun 1999.

Harin ya sauya taswirar mulki. Barikin Dodan na cikin cunkoson Ikoyi, ga shi an ga lagonsa, sai aka hanzarta aikin fadar da ke gindin dutsen Aso. Ranar 12 ga Disamba, 1991, Babangida ya tare a Abuja, birnin da Vatsa ya yi wa minista, inda kuma ya bai wa ƙungiyar marubuta ta ANA filin da yanzu ake kira ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa a Mpape. Abacha ya fito daga rikicin da ƙarfin da ba mai iya taɓa shi. Da Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni ya koma gidansa na kan tudu a Minna cikin Agusta 1993, Abacha ya bari a matsayin ministan tsaro, shi kuwa wata uku bai cika ba ya kori gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan.