Kwana 13 da suka raba kalandar kaka da ta wayar jika

Wata safiya a ajinmu na Adjamé, wani ɗalibina, ɗan lebura a tashar jiragen ruwa ta Abidjan, ya ɗaga hannu. "Malam, kakana a Maradi ya ce yau 1 ga Mayu, wayata kuma ta nuna 14. Tsufa ne ya rikita shi?" Aji ya ɓarke da dariya. Ni kam ban yi ba, don na san tsohon bai yi kuskure ba.

Lissafin watannin Ajami da malamanmu na karkara ke bi don noma tsohuwar kalandar Rumawa ce ta Yuliyas Kaisar. A 1582 Fafaroma Giregori ya gyara ta, ya tsallake kwana 10. Ingila ta ƙi bi sai 1752: mutane suka kwanta ranar 2 ga Satumba, suka wayi gari 14. Yanzu tazarar ta kai kwana 13, daidai abin da ya raba kaka da jikansa.

A can Ingila, tun kafin gyaran, ɗan littafin shekara da ake kira almanak ya shiga gidajen talakawa. Yana nuna tsayuwar wata, husufi, ranakun kasuwa da lokacin cikar teku. Matuƙan da ke shiga mashigin Vridi har yau suna duba irin wannan jadawali, don wata ne ke jan ruwa.

Mu ma muna da namu, sai dai a ka yake da takardun malamai. Taurari 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14: jimla 365. Da su manomi ke sanin lokacin shuka, kamar yadda yake duban Kaza da 'Ya'yanta.

Abin da ke damuna shi ne, yaranmu na Adjamé da Treichville ba sa ɗaga kai sama. Fitilun gari sun dushe taurari, azumi ma sai mu jira sanarwar COSIM a waya. Na tambayi ajin ranar watan Musulunci, aka yi tsit.

Sai na ba su aikin gida: kowa ya kira tsohon gidansu, ya rubuto sunayen taurarin damina. Yaron nan ya dawo da guda bakwai, ya ce kakansa ya yi kuka a waya. Jama'a, mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye.