Ruwan Zafi A Gida: Wace Na'ura Ce Ta Dace Da Birnin Tudu?

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu kan sauko ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun da ƙarfinsa. A ƙauyukan da ke kusa da madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama ginawa a 1978, irin su Birnin Tudu, akwai daren da sanyi kan kai ƙasa da digiri 15. Kafin asuba uwargida ta riga ta hura itace ta ɗora tukunya, domin 'yan makaranta su samu ruwan wanka. Shi ya sa ma'aikacin da ya tara kuɗinsa ya gina gida yakan soma tunanin sayen na'urar dumama ruwa.

A cikin waɗanda ake yi wa talla akwai wadda Turawa ke kira kombi, wato tukunya guda mai aiki biyu. Tana ƙona iskar gas ta dumama ruwan famfo nan take, kuma tana tura ruwan zafi cikin bututu zuwa wasu faifan ƙarfe da ke jikin bango don su dumama ɗakuna. A Ingila ta yi farin jini ƙwarai, saboda ba ta bukatar tanki, ga shi gidajensu ba su da yalwar fili.

To, amma fa don gidan Ingila aka ƙera ta. Can gas yana shigowa gida ta bututu kamar ruwa, wuta ba ta cika yankewa ba, ruwan famfo kuma da ƙarfi yake zuwa. Kombi ba ta adana kome, saboda haka in ɗayan ukun nan ya yanke, aikinta ya tsaya. Ko da gas cike da tukunya, ba za ta tashi ba sai da lantarkin da zai juya famfonta da fankarta. Batun ƙarfin ruwa ma ya fi tsanani. Irin ƙarfin da yawancinsu ke so domin su yi aiki sosai, sai tankin gida ya yi tsawon mita 10 daga ƙasa kafin ya ba da shi, alhali tankunan da ake ɗorawa bisa ginshiƙi a nan ba su cika wuce mita 4 ba. Rabin aikinta kuwa, wato dumama ɗaki, ba wanda zai neme shi a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Lissafi kaɗan zai taimaki mai saye. Bokiti mai lita 20, in za a ɗaga zafinsa daga digiri 18 zuwa 40, yana cin kusan rabin yunit na lantarki. Wannan ba shi da yawa. Abin dubawa shi ne saurin da ake son a yi aikin. Na'urar lantarki mai dumama ruwa nan take, in za ta ba da lita 6 a minti ɗaya, tana jan kimanin kilowat 9. Ƙaramin janareta bai kai kilowat 1 ba, kuma siraran wayoyin da ake sa wa gidaje don neman araha narkewa za su yi. Ita kuwa hita mai tanki, mai cin lita 50, kilowat ɗaya da rabi take ja, ta ɗauki kamar sa'a ɗaya da rabi ta kai ruwan digiri 60. Da yake jikinta a lulluɓe yake, in an samu wuta da dare ruwan kan kwana da zafinsa, in an sirka ya ishi mutum huɗu ko biyar. A wurin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama, wannan ita ce ta san halin gari.

Wanda ke da hali ya duba mai aiki da hasken rana. Tsadarta a ranar saye take, bayan haka ba ta neman kwabo. Aibinta ɗaya: lokacin da aka fi bukatarta shi ne lokacin da hazo ke rufe rana, don haka sai an riƙa goge ƙurar da ke kwanta mata. Gara a nemi wadda aka haɗa mata ƙarfen lantarki a cikin tanki.

Akwai kuma maganar rai. Duk na'urar da ke ƙona gas, in ba ta samu isasshiyar iska ba, tana fitar da wata guba marar launi marar wari, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, mai kashe mutum yana barci. Kada a kafa ta cikin makewayi, kuma lalle bututun hayaƙinta ya fita waje. Hita mai tanki ita ma ba a ba ɗan koyo ya haɗa ta. Dole a binne mata waya a ƙasa don tsaron jan wuta, a kuma bar mafitar da ke rage mata matsi a buɗe, ko da tana ɗiga, gama masu toshe ta don ƙyamar ɗigon su ne ke jawo fashewar tanki. In ruwan gidan na rijiyar burtsatse ne mai barin farin ɓawo a gindin buta, to haka zai yi wa ƙarfen hita. Maigida ya tambayi mai kanti, tun kafin ya biya, ko ana samun ƙarfen canji a Gusau ko Sakkwato.