Tantance Tsohuwar Na'urar Ɗaukar Magana: Matakai ga Mai Nazarin Harshe

1.0 Gabatarwa

A ɗakunan ajiya na sassan harsuna da gidajen rediyon ƙasar nan, ba wuya a ci karo da tsohuwar na'urar da ƙura ta lulluɓe, waɗanda suka yi aiki da ita kuma sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya. Sau da yawa akan tarar da kwalayen tef kusa da ita, ɗauke da muryoyin mawaƙa da masu tatsuniya da dattawan da aka yi hira da su. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana matakan gane irin wannan na'ura, domin wanda bai san ta ba, ba zai iya dogara da abin da kunnensa ya ji daga tef ɗin ba.

2.0 Matakan Tantancewa

Mataki na farko shi ne kada a yi gaggawar haɗa na'urar da wuta. Ƙarfin lantarkin Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120, saboda haka na'urar da wani mai bincike ya zo da ita daga can tana iya ƙonewa nan take. Ko wadda ta dace da wutarmu, kayan cikinta sukan lalace saboda daɗewa a ajiye.

Na biyu shi ne karanta ɗan allon da ke bayanta ko ƙarƙashinta, inda akan rubuta sunan kamfani da lambar samfuri da ƙarfin wutar da take sha. Sunan ƙasa ma hujja ne: idan an rubuta Jamus ta Yamma, to an ƙera ta ne tsakanin 1949 da 1990.

Na uku shi ne leƙa cikinta. Idan aka ga 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, wato bawul, to galibi ta girmi mai taransisto. An ƙirƙiro taransisto a 1947, ya shiga rediyon kasuwa a 1954. Rikodojin tafi-da-gidanka da masu bincike suka riƙa ratayawa zuwa ƙauyuka, kamar Nagra III ta Suwizalan (1958) da Uher 4000 Report ta Jamus (1961), duk masu taransisto ne.

Na huɗu shi ne duba abin da ake ɗora mata. Siririyar wayar ƙarfe mai kama da gashi alama ce ta rikodar waya, wadda aka yi yayinta a ƙarshen shekarun 1940. Tef mai faɗin milimita 6.35 na rikodar mai faifai biyu ne, mai milimita 3.81 kuwa na kaset ne, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Idan kuma aka ga ganga mai juyawa da allura a gefenta, to ba rikodar hira ba ce. Wataƙila Sona-Graph ce ta kamfanin Kay, wadda ta fito a 1951, mai zana hoton furucin daƙiƙa 2.4 a kan takardar da aka naɗa wa gangar. Hotuna irin nata suna cikin hujjojin Peter Ladefoged a littafinsa na 1964 kan furucin harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa.

3.0 Muhimmancin Hakan ga Nazarin Harshe

Rikoda mai faifai biyu tana da saurin gudu iri-iri: santimita 4.76 ko 9.5 ko 19 ko 38 a daƙiƙa. Idan aka juya tef da ninkin saurinsa, kowa zai gane, domin muryar dattijo za ta koma kamar ta jariri. Haɗarin yana ga ƙaramin kuskure. Rikodar da injinta ke bin bugun wutar gida, in an ƙera ta don zagaye 60 a daƙiƙa na Amurka aka sa mata 50 na Nijeriya, gudunta zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Kunne zai ci gaba da bambanta gari na mazauna da gari na tuwo, kuma tsarin karin sama da na ƙasa ba zai rushe ba, amma duk alƙaluman da aka auna na tsawon wasali da kaifin murya sun karkace. Mai kwatanta karin harshen Sakkwato da na Kano zai iya jingina wa mutane bambancin da inji ne ya haifar da shi.

Haka nan, wasu rikodojin sukan raba faɗin tef gida biyu, wasu huɗu. In aka ɗora tef a kan wadda ba irin tasa ba, sai a ji muryoyi biyu a cakuɗe, ɗaya tana tafiya da baya, har a zaci tef ɗin ya lalace a jefar da shi.

4.0 Kammalawa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ya kamata kowane sashe ya rubuta sunan na'urorinsa da samfurinsu da saurinsu, ya tuntuɓi tsofaffin ma'aikatan da suka rage, kafin a kwashe muryoyin zuwa kwamfuta. Na'ura in ta ƙone ana iya samun wata, amma dattijon da ke cikin tef ba zai sake maimaita maganarsa ba.