Bunny Mellon: Kuɗi Ne Ya Yi Lambun, Ko Sani?

Rachel Lambert Mellon, wadda aka fi sani da Bunny, ta rasu a watan Maris na 2014 tana da shekara 103. Kakanta ne ya kafa kamfanin da ke yin Listerine, a 1948 kuma ta auri Paul Mellon, ɗaya daga cikin manyan attajiran Amurka. Mai jin wannan zai iya cewa ai ba wani labari: 'yar masu hali ta auri mai hali, ta cika gida da furanni. Sai dai attajiran zamaninta suna da yawa, kuma kaɗan ne suka bar aikin da ake nazarinsa har yau. Abin da ya bambanta ta shi ne ta ɗauki lambu a matsayin ilimi, ta zauna ta koye shi, duk da ba ta yi karatunsa a jami'a ba.

Hujjar tana fadar White House. A 1961 Shugaba John Kennedy ya dawo daga Turai, inda ya ga lambunan fadojin can, ya roƙe ta ta sake fasalin Lambun Wardi da ke gaban ofishinsa. Aikin ba na ado kaɗai ba ne, domin yana son wurin da zai ɗauki taron baƙi da 'yan jarida. Sai ta bar tsakiya fili, ciyawa zalla, ta tura furanni gefe, ta jera ƙananan itatuwan tuffa na ado a cikinsu, ta dasa manyan bishiyoyin magnoliya huɗu a kusurwoyi don wurin kada ya yi tsirara a lokacin sanyi. An kammala a 1962. Wanda kuɗi kawai yake da shi da ya cika wurin. Barin fili a inda ake sa ran ƙawa sai wanda ya san rana da inuwa da tafiyar shekara. Shi ya sa daga baya ta taimaka, tare da abokinta maɗinki Hubert de Givenchy, wajen farfaɗo da lambun kayan marmari na sarki a Versailles ta Faransa.

Za a ce hannun wasu ne ya yi aikin, ita ta karɓi yabo. Akwai gaskiya a nan, kuma ya kamata a riƙa ambaton Irvin Williams, wanda ya yi dashen ya kuma kula da lambunan fadar White House shekaru masu yawa. Amma magini ba ya rage darajar mai zanen gini. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na dukiyar kanta: bayan rasuwarta, kayanta da Sotheby's ya yi gwanjonsu, har da zane-zanen Mark Rothko, sun haura dala miliyan 200. Wannan tarin abin tambaya ne, ba shakka. Amsar da za a iya bayarwa ita ce inda abin ya nufa: ita da mijinta sun ba gidan zane-zane na ƙasa da ke Washington ɗimbin ayyukan fasaha da kowa ke shiga ya gani kyauta.

Lambun Wardi kuwa bai tsira ba. An cire itatuwan tuffar a 2020, an daɓe filin ciyawar da dutse a 2025. Abin da ya rage, wanda hannun masu mulki bai kai gare shi ba, shi ne ɗakin karatun da ta gina a gonarta ta Oak Spring a jihar Virginia, mai dubban littattafai da zane-zanen tsirrai, wasu na ɗaruruwan shekaru, wanda gidauniyarta ke buɗe wa masu bincike.