Ajiyar Yaƙi da Afuwar Haraji: Hanyoyi Biyu na Cika Baitulmali

Ita gwamnati, idan kashe kuɗi ya fi ƙarfin abin da haraji ke kawo mata, akwai wasu hanyoyi biyu da takan bi ba tare da ta ƙara wa jama'a haraji ba. Ta farko ita ce ta roƙi talakawanta su ba ta rancen abin da suka tanada, kamar yadda akan yi a lokacin yaƙi. Ta biyu kuwa ita ce ta yi afuwa ga waɗanda suka ɓoye dukiyarsu, muddin sun fito sun bayyana ta.

A shekarar 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Ingila ta fito da takardun shaidar ajiya. Mutum yakan sayi takarda ɗaya a kan sule 15 da sisi, bayan shekara biyar a biya shi fam 1. A Yaƙi na Biyu aka faɗaɗa shirin, har aka riƙa keɓe mako guda ga kowane gari, kamar Makon Jiragen Yaƙi na Ruwa a 1941 da 1942, garuruwa suna gasar tara kuɗin jirgi. Ita ma Amurka daga 1941 ta sayar da irin waɗannan takardu, a ba da dala 18.75, bayan shekara goma a karɓi dala 25.

To, amfanin wannan ajiya bai tsaya ga sayen makamai ba. A lokacin yaƙi masana'antu sukan koma ƙera kayan soja, albashi ya yawaita a hannun ma'aikata, kayan masarufi kuwa su yi ƙaranci a kasuwa. Idan aka bar kuɗin a hannun mutane, sai farashi ya hau. Wato ajiyar tana janye kuɗi daga kasuwa har zuwa lokacin da kaya za su wadata.

Afuwar haraji kuma da masu laifi take magana. Gwamnati takan buɗe ƙofa na ɗan lokaci, ta yafe tara da gurfanarwa gaban shari'a, ta karɓi abin da aka amince. Indonisiya ta yi haka daga Yulin 2016 zuwa Maris na 2017, waɗanda suka riga bayyana dukiyarsu ta cikin gida, ko suka amince su dawo da ta waje gida, suka biya kashi 2 cikin ɗari kurum. An bayyana dukiya mai ɗimbin yawa, amma abin da aka yi alkawarin dawowa da shi daga ƙasashen waje bai wuce rufiya tiriliyan 147 ba, alhali tiriliyan 1,000 aka yi fata. A 2022 ƙasar ta sake buɗe ƙofar. Nijeriya ma ta gudanar da nata shirin, mai suna VAIDS, daga Yulin 2017 zuwa Yunin 2018.

Duk hanyoyin nan biyu a kan amana suka dogara. Mai ajiya sai ya gaskata cewa za a biya shi, kuma da kuɗin da darajarsu ba ta zube ba. Mai ɓoye dukiya kuwa sai ya gaskata cewa idan ƙofa ta rufe, hukunci zai biyo baya. Gwamnatin da ta yawaita afuwa tana koya wa mai gaskiya cewa biya a kan lokaci asara ce, shi kuma mai ɓoyewa ya zauna jiran afuwa ta gaba. Saboda haka ya wajaba ga ma'aikacin da aka damƙa wa irin wannan shiri ya tuna cewa alkawari kaya ne, kuma cika shi ne zai sa jama'a su amsa kira idan gwamnati ta sake nema.