A Raɗa wa Na'urorin Gida Suna

A Wurno da Rabah da Goronyo na Jihar Sakkwato, intanet kan shiga gida ko shago ta rauta mai layin MTN ko Airtel, wadda sau da yawa sola ke riƙe da ita. A bayanta akwai wayoyi da kwamfuta da firinta, wani gidan har da kyamarar tsaro. Rauta ce ke ba kowace na'ura lamba irin 192.168.1.20, kuma aro take bayarwa. In batir ya mutu cikin dare aka kunna da safe, firinta na iya tashi da sabuwar lamba, kwamfuta kuwa tana can tana nemanta a tsohuwar. Sai mai gida ya ɗora laifi a kan kamfanin waya, alhali matsalar tana cikin ɗakinsa.

Maganin ya daɗe da samuwa. Tun 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, mai aiki kamar ajiyar sunaye a waya: ka taɓa suna, ita ta nemo lamba. Sai dai sabar Google ta 8.8.8.8, wadda masu gyara ke son sakawa, ba ta san firintar kowa ba, domin lambobin 192.168 na cikin gida ne, ba sa fita duniya. Dole rauta ta riƙe sunayen da kanta. A shafin saitinta, a ƙarƙashin sashen DHCP, ana ɗaure kowace na'ura da lamba guda da ba ta sauyawa, a ba ta suna, sannan a bar wayoyi da kwamfutoci su riƙa tambayar rauta tukuna, ita ta miƙa abin da ba ta sani ba zuwa waje. Ƙarshen sunan ya zama home.arpa, wanda aka keɓe wa gidaje a 2018, misali firinta.home.arpa. A guji .local, domin wani tsari daban ke amfani da shi.

Wani zai ce wannan wahalar 'yan birni ce. Amma a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. A irin wannan hali, na'urar da sai ta bi ta sabar waje kafin ta gano maƙwabciyarta ta tsaya cik, wadda rauta ta san sunanta kuwa tana aiki muddin akwai wuta. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne ƙananan rautocin MiFi da yawa ba sa karɓar sunaye. Gaskiya ne. A nan sai a sa wa firinta tsayayyar lamba daga jikinta, ko a ɗora manhajar dnsmasq a kan tsohuwar kwamfuta ta riƙe sunayen.

Saboda haka, mai sayen rauta ya tambaya ko tana ɗaure lamba da suna kafin ya biya kuɗi, mai haɗawa kuma ya bar wa mai gida sunayen a rubuce.