Gawo da Lokaci Sabau: Inda Turanci Ke Kayar da Ɗalibin Kimiyya

Duk yaron da ya tashi a gonakin Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura ya san halin gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, sa'ad da sauran itatuwa ke tofo, sannan ya yi kore shar da rani. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ga shi kuma saiwoyinsa, da taimakon wasu ƙwayoyin bakteriya, suna ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Wannan sani ne na kimiyya tsantsa. Amma a ba yaron nan takarda a jarrabawar WAEC a ce ya bayyana shi da Turanci, sai ka ga ya rubuta: "The tree is shedding its leaves in the rainy season."

Ba ilimin halittu ne ya gagare shi ba. A Hausa, "yana zubar da ganye" na iya nufin abin da ke faruwa yanzu, na kuma iya nufin ɗabi'a ta kullum. Turanci kuwa ya raba su. "Is shedding" labarin gawo ɗaya ne da ake kallo a yau. "Sheds" shi ne halin kowane gawo a kowace shekara. Da wannan siga ta biyu, wato simple present, ake rubuta kusan duk gaskiyar kimiyya: "The heart pumps blood", "Plants need light."

A ganina, malami zai fi cin nasara idan ya biyo ta nahawun Hausa. Muna da lokaci sabau, mai amfani da "kan": gawo yakan zubar da ganye, akuya takan yi tuƙa. Ɗalibi ya gwada jimlarsa a zuci. Muddin "kan" ta zauna daidai, to, a bar "is" da "-ing".

Saura ɗan harafin nan "s", mai cin maki a ɓoye. A Hausa wakilin suna ne ke sauyawa, ba aikatau ba: yakan ci, takan ci, sukan ci. A Turanci kuwa "s" kan nuna jam'i a jikin suna, amma a jikin aikatau tilo take nunawa: "goats chew", amma "a goat chews". Da an shigo da "does" don tambaya ko korewa, sai "s" ta koma can, a ce "a goat does not chew", ba "chews" ba.